Ranar da Na Yi Kyauta da Bindigata

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ya fi jawo wa ɗan Adam asara tun da aka kafa duniya. Wasu sun ce yaƙi, wasu sun ce annoba, wasu kuma sun ɗora laifin a kan son mulki. Ni da na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, na bi hujjojin kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ina tabbatar muku duk sun yi kuskure. Babu abin da ya kai ladabi jawo asara. Na san haka ne domin ladabi ya taɓa raba ni da abin da na fi so cikin duk abin da na mallaka, a falon gidana da ke unguwar Gorton a Manchester ta ƙasar Ingila, da rana tsaka, wata Asabar da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Abin kuwa bindiga ce. Kada mai karatu ya zabura, ni ba ɗan ta'adda ba ne, ko kaza ban iya yankawa da kyau ba. Tsohuwar bindigar farauta ce ƙirar Birmingham, wadda aka ƙera tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Irin mai sakata ce, wato bayan kowane harbi sai ka ɗaga wani ɗan hannu na ƙarfe, ka ja shi baya ya tofar da kwanson harsashi, ka tura shi gaba ya ɗauki sabo, ka kwantar da shi ya kulle. Motsi huɗu ke nan, kowanne da sautinsa. Wanda cutar son bindiga ba ta kama ba zai ce ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Mu da ta kama, muna jin hannun maƙerin da ya zauna da zarto yana goge wurin har ya yi santsi kamar an zuba man gyaɗa, shi kuwa ƙasa ta daɗe da rufe shi.

Wani abokin aikina Bature ne ya sa mini cutar. Ya gayyace ni ƙungiyarsu ta masu harbi a bayan gari, na je don kada in ƙi shi, na dawo ba ni da wani zance sai na tsoffin bindigogi. Sabbin da ake yi yanzu, masu jikin roba, ba su taɓa burge ni ba. Suna harbi daidai, na yarda, amma haka ma kalkuleta ke lissafi daidai, ba wanda ya taɓa rungumar ta. Tawa kuwa ƙotarta wani icen Turai ne mai zanen jijiya kamar madobiya, ya yi duhu a daidai inda kuncin mutane uku ko huɗu da ban sani ba ya sha jingina. A jikin ƙarfen akwai 'yan tambura ƙanana na masu gwaji, na karanta littafi biyu kafin na iya fassara su, kuma duk baƙon da ya yi ganganci ya tambaye ni sai da ya ji fassarar.

Mallakar bindiga a ƙasar nan ya fi neman aure wuya. Sai da na kawo mutum biyu suka shaidi halina, likitana ya rubuta cewa kaina ɗaya, sannan wani jami'in 'yan sanda ya zo gida ya jijjiga akwatin ƙarfen da na kafe a bango, ya ja maiɗakina gefe ya tambaye ta ko ina da saurin fushi. Ta ce masa, “Wannan? Sai dai ya kashe ka da bayani.” Ya rubuta wani abu a takardarsa, har yau ban san me ya rubuta ba. Bayan wata da watanni lasisi ya fito. Ya ba ni izinin harbin barewa, amma gaskiya ita ce shekara huɗu ban taɓa harbin abin da ya wuce takarda mai zagaye-zagaye ba. Na fi jin daɗin in fito da ita ran Lahadi, in shafa mata mai, in mayar.

Ana nan sai surukina, mahaifin maiɗakina, ya zo daga gida. Ɗansa, ƙanin matata, likita ne a Birmingham, shi ya kawo shi aka cire masa yanar ido. Da aka gama aka ce ya zo wajenmu Manchester ya huta mako uku. Baba dattijo ne siriri, marar yawan magana, daga wani ƙauye a gindin duwatsun ƙasar Bauchi. Na san cewa gidansu gidan maharba ne, kaka da kakanni, amma na san shi ne irin sanin da nake yi wa abubuwa da yawa, wato a ka kawai. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta gida, ruwan Ingila bai wanke ta ba. In ya shigo falo in sauka daga kujera. In aka kawo abinci in tuna ina da takardun ɗalibai da zan duba a sama. Gaisuwa ce ke haɗa mu, in an gama ta sai kowa ya kalli kafet.

Ranar Asabar ɗin, maiɗakina ce ta ga shirun ya yi yawa, ta ce, “Malam, ka nuna wa Baba bindigarka mana, ko kwa sami abin faɗa.” Na hau sama da sauri kamar ɗalibin da aka tambaya abin da ya sani. Na sauko da ita, na tabbatar ba komai a ciki, na durƙusa a gabansa na fara karatu: garin da aka ƙera ta, ma'anar wannan tambari, dalilin da ya sa aka yi wa ƙotar zane a nan ba a can ba. Baba na bin hannuna da ido. Da na tsaya shan iska sai ya nuna sakatar da haɓa, ya ce, “Ja in ji.”

Na ɗaga, na ja, na tura, na kwantar. Ya rufe ido.

“Sake.”

Na sake. Idonsa na rufe har na fara tsammanin barci ya ɗauke shi. Can ya buɗe ido ya ce, “Shekara hamsin ina ɗura albarushi ta baki, ina dannawa da sanda, nama na tsaye yana kallona. Sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan, a hannun wani Baturen daji, ina yaro. Ban zaci zan sake jin muryarta ba. Kai, Malam, wannan ita ce bindiga.”

To, a nan ne tarbiyya ta ci amanata. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne. A wurinmu in babba ya yaba rigarka, ko agogonka, ko ma motarka, abin da ake cewa guda ɗaya ne, kuma baki ke faɗarsa ba tare da ya shawarci zuciya ba. Shi kuma babban ya san amsarsa: a'a, ta fi kyau a jikinka, Allah ya bar ka da ita. Kowa ya fita kunyar kowa, riga na nan a wuyan mai ita. Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, “Ai taka ce, Baba.”

Na jira amsar da na sani. Sai na ji tafin hannunsa a kan kaina.

“Na karɓa,” in ji shi. “Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka 'ya'ya masu yi maka abin da ka yi mini.”

Na ce amin. Me zan ce? Na ɗauki bindigar mutane na mayar cikin akwati.

A kicin na tarar da maiɗakina ta dafa wurin wanke-wanke tana dariya marar sauti, hawaye na zuba. Na ce mata cikin raɗa, “Ke, Baba wasa yake yi, ko?”

“Baba? Ka taɓa ganin ya yi wasa?”

“Amma ai kowa ya san magana ce kawai!”

“A Zariya ba. A gidanmu in ka ba maharbi riga zai iya mayar maka, in ka ba shi sa zai iya cewa ya yi yawa. Makami kuwa ba a mayarwa. Wanda ya mayar da makami ya ce wa mai bayarwa kai ba namiji ba ne. Girmama ka ya yi, Malam. Da ka tambaye ni.”

“Da kin faɗa mini!”

“Shekara goma sha takwas ina ƙoƙarin in sa baki in ka fara bayani,” in ji ta, ta ci gaba da yanka albasa.

Daga ranar gaisuwarmu ta safe ta ƙaru da layi ɗaya. Bayan an tambayi kwana da gajiya da sanyi, sai Baba ya ce, “Ya bindigata ta kwana?” In ce lafiya lau. Ya kira ƙauye a waya, ina ji daga sama yana faɗa wa ƙannensa cewa surukinsa ya yi masa abin da 'ya'yan cikinsa ba su yi ba. Har ya sa aka fara gyara inda za a rataye ta. Ni kuwa na rasa abin da ke mini daɗi. In na yi shiru, ta tafi. In na buɗe baki na ce Baba ban yi nufi ba, na zama surukin da ya yi amai ya lashe, kuma labarin zai riga ni isa Bauchi, ya zauna can har jikokina. Na gwada auna su biyun a zuci, bindiga da mutunci, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa sikelin bai karkata da sauri yadda ya kamata ba.

Sai na tuna da doka. Ban taɓa son dokar ƙasar nan kamar wannan makon ba. Na kira ƙanin matata, likitan, na ce masa akwai matsala: Baba ba shi da lasisi, kuma ba a hawa jirgi da bindiga kamar sandar tsufa. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa, kuma bai taɓa barin dama ta wuce shi ba.

“Allah sarki, Yaya Malam,” in ji shi. “Na ji muryarka duk ta dushe saboda baƙin ciki. Kada ka damu, akwai wani tsohon maƙerin bindiga a nan Birmingham, na taɓa duba matarsa. Ba abin da bai sani ba na fitar da kaya waje. Ku zo weekend, in sha Allahu za a samo hanya. Ni zan tsaya maka tsayin daka sai bindigar nan ta isa Bauchi.”

“Ba sai ka wahalar da kanka ba.”

“Haba, mene ne amfanin zumunci?”

Muka kama hanya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni da Baba da maiɗakina, bindiga na kulle a but ɗin mota, sakatarta a aljihun kwat ɗina kamar yadda ake so a raba su in za a yi tafiya. Muka kwana a gidan likita a Sparkhill. Washegari ya kai mu wata tsohuwar unguwa ta jan bulo, muka hau wani matsattsen bene zuwa shagon da ke warin mai da ƙarfe. Maƙerin tsoho ne tukuf, gilashi a kan hanci, yatsunsa baƙi ƙirin. Ya karɓi bindigar ya juya ta, ya leƙa cikin bututun ta wajen taga, ya ce a titin bayan nan aka yi ta, kuma yana jin ya san jikan wanda ya yi ƙotar.

Na gyara murya zan fara tafinta, sai na ga ba a bukatata. Maƙerin ya miƙa wa Baba ita. Baba ya ɗora ta a kan yatsa biyu ya nemo inda nauyinta ya daidaita, ya gyaɗa kai. Maƙerin ya gyaɗa kai. Baba ya kai ta kafaɗa sau ɗaya, ya sauke, ya shafa wani ɗan wuri a ƙotar da babban yatsa, ya dubi tsohon. Tsohon ya yi dariya ya ɗauko gilashin ƙara girma: tsaga ce siririya kamar gashi, an taɓa liƙe ta tun kafin a haife ni. Shekara huɗu ina shafa wa wurin mai, da littattafaina biyu, ban gan ta ba. Mutumin da aka yi wa aikin ido wata guda da ya wuce ya gano ta da yatsa.

Da aka zo maganar tafiya, maƙerin ya girgiza kai. Ya ce daga wannan ɓangaren ana iya neman izini, amma sai hukumar can gida ta fara ba da nata a rubuce, kuma irin wannan bindiga, ga mutumin ƙauye, shi dai bai taɓa ganin an samu ba. In aka matsa, ƙarshenta ta ruɓe a wani sito a tashar jirgi. Likita ya fassara wa Baba, yana kallona ta wutsiyar ido. Ni kuwa na haɗa fuska irin ta gidan makoki, na ce, “Kash! Kash, Baba!” A cikin cikina ana ta buga kalangu.

Baba ya ce, “To. Abin da ba zai bi ka gida ba, ba a ja da shi. Amma ba zan bar ƙasar nan ban ji ta yi magana a hannuna ba. Ina kuma so in gwada idon nan da kuka saya mini.”

Ashe wannan mai sauƙi ne. Maƙerin ya san wani manomi a bayan gari wanda wasu ƙananan barewa suka addabi 'ya'yan itacensa, kuma doka ta yarda baƙo ya ari bindiga a gonar mutum muddin mai izini na tsaye kusa da shi. Ranar Lahadi da sassafe muka tsinci kanmu a bakin wani kurmi, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa: ni, da manomin, da Baba cikin babbar riga da kwat ɗin likita a sama da takalmin roba na aro. Na zo da shirin ba shi shawara a kan nisa da iska. Ya tsinki busasshiyar ciyawa ya sake ta, ya ga inda ta nufa, ya juya ya bi wata hanya daban da wadda manomin ya nuna. Manomin ya bi shi.

Mun fi awa ɗaya a tsugune bayan wani shinge. Ƙafata ta mutu, hancina na zuba. Baba kuwa ko ƙifta ido ban ga ya yi ba. Can sai ga wata 'yar dabba ja-ja, gajera, ta fito daga cikin ƙaya tana taku ɗaiɗai. Na ji ya ce a hankali, kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha, “Ikon Allah. Gada ce.” Ya bar ta ta juyo da kafaɗa. Ya yi bisimilla. Harbi ɗaya.

Kafin ƙarar ta gama yawo a kurmin na ji sautin nan huɗu, ɗaga, ja, tura, kwantar, da sauri da taushin da ban taɓa jin ta yi a hannuna ba. Bai bukaci na biyun ba. Ya miƙo mini ita, ya zaro wuƙar da ya aro a kicin ɗin likita, ya nufi naman da sauri ya yanka. Manomin ya cire hularsa ya sosa kai, ya tambaye ni shekara nawa dattijon ya yi yana harbi da wannan bindiga. Na ce masa tun ɗazu.

A hanyar komawa Baba ya yi magana mafi tsawo da ya taɓa yi da ni. Ya ce abin da ya so a irin wannan bindiga shi ne ba ta da surutu. Harsashi ɗaya take ba ka, sannan ta sa ka yi aiki da hannunka kafin ta ba ka wani, don haka dole ka yi tunani kafin ka taɓa kunama. “Masu zubo wuta kamar ruwa, na yara ne da sojoji,” in ji shi. “Wannan ta manya ce. Ka iya zaɓe, Malam.” Na ji daɗi har kunnena ya yi zafi. Na kuma ce a raina, shi ke nan, yanzu zai ce tunda ba ta tafiya, ka riƙe abarka.

Da azahar matar likita ta yi farfesun gadar, aka baje a falo, har ni aka tilasta wa zama, na ci ina kallon bango. Da aka wanke hannu Baba ya yi gyaran murya, kowa ya nutsu.

“Malam ya yi mini kyauta ta girma,” in ji shi. “Hukuma ta hana ta bi ni. In na mayar masa, na zage shi, kuma bai cancanci zagi ba.” Na sunkuyar da kai. “In na ba wannan,” ya nuna likita, “zai sayar ya sayi kujera. Saboda haka na ba 'yata. Gida ɗaya kuke, Malam zai riƙa kula mata da ita, tunda na ga ya iya shafa mai.”

Na ɗago na dubi maiɗakina. Shekara goma sha takwas tana zaune da Bazazzagi, ta san amsar da ake bayarwa, ta ji ni ina ba da ita sau ɗari. Na kafe ta da ido ina roƙo. Ta gyara mayafinta, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

“Na karɓa, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Likita ya tashi da gudu ya shige banɗaki, muna jin dariyarsa ta cikin ƙofa.

Shekaru sun wuce yanzu. Baba na nan da ransa a ƙauye, idonsa garau, kuma an ce har yau in ya ba da labarin gadar Ingila sai ya haɗa da surukinsa mai kyauta, abin da ya sa in na je can ake shimfiɗa mini tabarma ta daban. Darasin da na koya kuwa, wanda nake faɗa wa ɗalibaina duk shekara ko sun tambaya ko ba su tambaya ba, shi ne kada bakinka ya bayar da abin da zuciyarka ba ta saki ba, kuma kafin ka yi wa mutum ladabin garinku ka bincika yadda ake amsa shi a garinsu. Lasisi dai sunana ke jiki, makullin akwati na hannuna, doka ma ta hana mai bindigar sanin inda nake ɓoye shi. Bara sau biyu maiɗakin tawa ta ba ni aronta.